Tsohon adireshin intanet ya ƙare, an buɗe sabo: abin da IPv6 ke nufi ga Maraɗi da Tibiri da Jiratawa

Masu sauraronmu na gida da ƴan uwa da ke ci-rani, yau bayani ne muka kawo muku a kan wani abu da ba a gani da ido, amma duk wanda ya sayi mega ya kunna a salularsa yana amfani da shi, wato adireshin intanet. Tsohon tsarin adireshin, mai suna IPv4, ya cika, har ya zama kayan saye da na haya. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2024, kamfanin Amazon, wanda ya fi kowa ba da hayar kwamfutoci ta intanet, yake karɓar kuɗi a kan kowane adireshi na tsohon tsari, kusan dalar Amurka 44 a shekara, wajen jikka 25 ke nan a kuɗinmu. Na sabon tsarin kuwa, IPv6, ba ya karɓar ko dala a kansa.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu, domin a rabon tsohon adireshin Afirka ce ta tashi da ɗan kaɗan, kuma wanda bai da rumfa shi ke biyan haya. Sabon tsarin ya ishi kowa, sai dai ba ya aiki sai ɓangarori biyu sun kunna shi: kamfanin da ya ba ka rezo, da gidan da ke ajiye shafin da kake son buɗewa.

Mene ne adireshin intanet?

Idan ka aika saƙon murya daga Tibiri zuwa ga ɗanka a Abijan, salularka tana yanka saƙon gunduwa-gunduwa, kowane yanki ɗauke da lambar inda ya fito da lambar inda zai je. Wannan lambar ita ce adireshin. A tsohon tsari rukuni 4 ce, da ɗigo a tsakani, kamar 192.0.2.15, kuma kowane rukuni ba ya wuce 255. Sunayen shafuka da muke rubutawa an yi su ne don sauƙin mutane. Kamar yadda kake ajiye sunan yayanka a salula, ka danna sunan amma lamba ce ake kira, haka intanet ke mai da suna lamba kafin saƙo ya tashi.

An rubuta ƙa'idar IPv4 a shekarar 1981, aka fara aiki da ita sosai a farkon 1983, lokacin da intanet ba ta wuce wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike ba, yawancinsu a Amurka. Duka adireshin da tsarin ke iya bayarwa miliyar 4 ne da kusan miliyan 300, miliyar wato biliyan a faɗar ƴan uwanmu na Najeriya. A wancan lokaci an ga kamar ba za su taɓa ƙarewa ba. Yau mutanen duniya sun haura miliyar 8, kuma mutum ɗaya yana iya samun salula biyu da kwamfuta.

Yadda aka yi rabon

Waɗanda suka zo da wuri sun kwashi babban kaso. Jami'a guda a Amurka, MIT, an ba ta adireshi sama da miliyan 16, haka kamfanin Apple, haka kamfanin motoci na Ford. Amurka kaɗai tana riƙe da fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukan adireshin. Afirka gaba ɗayanta, da mutanenta sama da miliyar ɗaya, ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Hukumar da ke raba wa Afirka adireshi, AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Moris, sai a 2005 aka amince da ita, ita ce auta cikin hukumomi biyar na duniya.

Ranar 3 ga Fabrairun 2011 babban rumbun duniya ya raba ragowar abin da ke cikinsa ga hukumomin nan biyar. Daga nan kowace ta shiga cin abin da ke hannunta. Ta Arewacin Amurka ta ƙarar da nata a 2015, ta Turai a 2019. AFRINIC ta fara tsimi a 2017, ta ƙara matse hannu a Janairun 2020, yanzu ɗan ƙanƙane take ba mai nema.

Abin da ya yi ƙaranci kuwa kasuwa ke karɓarsa. A 2011 kamfanin Microsoft ya sayi adireshi sama da 666,000 daga wani kamfanin Kanada da ya karye, Nortel, a kan dalar Amurka miliyan 7 da rabi, wato kowane ɗaya ɗan sama da dalar Amurka 11. Shekara goma bayan haka farashin ɗaya ya kai wajen dalar Amurka 50. Ita kanta MIT ta sayar wa Amazon da kusan rabin nata a 2017.

Gari guda, akwatin gidan waya ɗaya

To ta yaya har yanzu muke shiga intanet alhali adireshi ya ƙare? Dabara aka yi. Manya za su tuna zamanin wasiƙa, lokacin da ɗan ci-rani ke aiko da takarda ta akwatin gidan waya na wani attajiri ko na makaranta a Maraɗi, a rubuta sunan mai akwati a sama, shi kuma ya san wanda zai miƙa wa a ƙauye. Mutum ɗari, akwati ɗaya. Haka kamfanonin salula kusan ko'ina a duniya ke yi. Suna ba wayarka lambar cikin gida, sannan su haɗa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya da duniya ke gani.

Dabarar ta yi aiki, amma tana da illa. Ta farko, wake ɗaya shi ke ɓata gari. Idan wani daga cikin masu adireshin ya yi zamba ko ya cika aika saƙon banza, shafin da ya gano shi yana iya toshe adireshin gaba ɗaya, kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba sai ka ga an hana ka shiga, ko a yi ta sa ka zaɓen hotunan motoci don ka nuna kai mutum ne. Ta biyu, daga waje ba a iya nemanka kai tsaye, sai idan kai ka fara magana. Wanda ke Faransa ya sa kyamara a gidan da yake ginawa a Maraɗi ba zai isa gare ta ba sai ta bi ta kwamfutar wani kamfani a tsakiya. Ta uku, injinan da ke wannan rabon kuɗi ne ake saye da su, wuta suke ci, kuma duk abin da kamfani ya kashe daga aljihun mai sayen mega yake fitowa.

Sabon adireshi

Masana sun hango ƙarewar tun da daɗewa. An fitar da ƙa'idar IPv6 ta farko a 1995, aka gyara ta a 1998, manyan kamfanoni irin su Google da Facebook suka kunna ta dindindin ranar 6 ga Yunin 2012. Adireshinta dogo ne, rukuni 8, da lambobi da haruffa daga a zuwa f, da ɗigo biyu a tsakani. Yawansa ba ya faɗuwa da baki: a rubuta 340, a jera masa sifili 36.

Mu a nan mun san irin wannan canji. Lambar waya a Nijar a da alƙaluma 6 ce, da masu waya suka yi yawa aka mai da ita 8. Ƴan uwanmu na Kodebuwa sun koma 10 a ƙarshen Janairun 2021, na Kwatano su ma sun koma 10 a ƙarshen Nuwamban 2024. Bambancin shi ne, lambar waya hukuma ɗaya ce ke yanke rana, kowa ya bi. Intanet ba ta da sarki. Kuma tsohon tsarin da sabon ba sa jin yaren juna: na'urar da ke da IPv4 kaɗai ba ta iya magana da mai IPv6 kaɗai sai da tafinta. Shi ya sa yawancin masu hikima ke riƙe biyun a lokaci ɗaya, salula ta gwada duka, wanda ya fara amsawa ta bi shi.

Bisa awon da Google ke yi, kusan rabin masu shiga shafinsa a duniya ta sabon tsarin suke zuwa. Faransa da Jamus da Indiya sun haura kashi 70 cikin 100. Indiya ta yi wannan tsalle ne saboda kamfanin salula guda, Jio, da ya fara aiki a 2016 da sabon tsarin tun daga tushe. A yawancin ƙasashen Afirka kuwa adadin bai taka kara ya karya ba.

Gidan haya cikin girgije

Yanzu mu zo kan ɓangare na biyu, inda shafuka da manhajoji ke zaune. Za ku ji matasa suna cewa abu yana cikin girgije. Ba sama ba ce. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, da wuta da sanyi dare da rana, kamfani ya gina yana ba da haya. Kamar ɗan kasuwar wake ko aya da bai gina mangaza ba, ya kama haya a ta wani, ya biya daidai buhunan da ya ajiye. Manyan masu wannan sana'a su ne Amazon da Microsoft da Google. Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024.

Da yake masu haya dubbai ne a gini ɗaya, kowa ana kewaye masa nasa wuri da katangar da ba ta bulo ba, ta lissafin kwamfuta. Amazon da Google suna kiran wannan keɓaɓɓen wuri VPC, Microsoft yana kiransa VNet. Ku ɗauke shi kamar gidan Bahaushe. Akwai zaure, inda baƙo ke sallama, nan ake ajiye kwamfutar da ke amsa wa jama'a. Akwai cikin gida, inda ake ajiye sunayen abokan ciniki da lissafin kuɗi, baƙo ba ya leƙawa. Akwai mai gadi a ƙofa da takardar wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba.

Shekaru da yawa wannan gida tsohon adireshi kaɗai ya sani. Amazon ya fara ba da VPC a 2009, amma sai a Disamban 2016 ya sa masa IPv6. Microsoft ya buɗe wa kowa nasa a 2020, Google a 2022. Tun ƙarshen 2021 Amazon ya ba da damar a gina sashen gida da sabon adireshi zalla, ba tsoho ko ɗaya a ciki.

Abin da mai haya ke samu ba kaɗan ba ne. A Amazon, gida ɗaya ana ba shi fili mai ɗaukar sashe 256, kuma kowane sashe ɗaya ya ninka dukan tsohon adireshin duniya sau fiye da miliyar 4. Kowace kwamfuta tana samun adireshinta na kanta, ba sai an haɗa ta da wasu a akwati ɗaya ba. Ga kuma kuɗi. A tsohon tsari, idan kana son kwamfutocin cikin gida su riƙa fita intanet ba tare da an shigo musu ba, sai ka kama hayar wata ƙofa ta musamman, wadda a Amazon ta haura dalar Amurka 30 a wata. A sabon tsari akwai ƙofar fita kaɗai, ƴan gida su fita su dawo da amsa, baƙo ba ya shigowa, kuma ba a biyan hayar ƙofar. Kuɗin bayanan da suka wuce dai yana nan, wannan ba a yafe shi ba.

Ga babban kamfanin Turai jikka 25 a shekara ba komai ba ne. Amma a ce ɗalibi ne da ya gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ya haɗa wa ƙungiyar manoman rani ta Jiratawa manhajar da ke nuna farashin zogale, ko ke lissafin awannin da kowane famfo ya yi yana ba da ruwa. Idan ya kama kwamfuta 10, kowace da tsohon adireshi, jikka 250 ne a shekara kafin ya biya hayar kwamfutocin kansu. Idan ya bar tsohon adireshi ɗaya ko biyu a zaure, sauran ya sa musu sabo, yawancin kuɗin nan sun zauna a aljihunsa ko na ƙungiyar.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

To ga inda gizo ke saƙar. Ko da ɗalibin nan ya kunna IPv6 a gidansa na girgije, manomin Jiratawa ba zai iso ta sabuwar hanyar ba sai kamfanin da ya sayar masa da pus ya ba salularsa sabon adireshi. Idan bai ba shi ba, dole a ci gaba da biyan hayar tsohon don kada a rufe wa manomin ƙofa. Saboda haka muddin rezon gida bai koma sabon tsari ba, masu gina manhaja na gida ne ke biyan kuɗin jinkirin.

A Nijar maganar tana hannun kamfanonin da muka sani, Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecom, da hukumar da ke sa musu ido, ARCEP. AFRINIC tana da sabon adireshi mai yawa da za ta ba kowane kamfanin da ya nema, ba a layi, ba a tsimi. Aikin da ke gaban kamfani shi ne daidaita injinansa da horar da ma'aikatansa. Yawancin salular Android da iPhone na shekarun nan sun riga sun iya sabon tsarin. Starlink, da ya fara aiki a Nijar a 2025, yana ba masu amfani da shi IPv6, tsohon adireshin kuwa haɗa mutane yake yi a kansa kamar sauran.

Gwamnatoci ma suna da ta cewa, domin su ne manyan masu saye. Gwamnatin Cek, a Turai, ta sa ranar 6 ga Yunin 2032 a matsayin ranar da shafukanta za su daina amsawa ta tsohon tsari. Mu a nan, aikin shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, ya haɗa da gina cibiyar ajiye bayanai ta ƙasa. Sabon gini ne, kuma sa sabon adireshi tun ranar farko ya fi sauƙi da arha a kan a dawo daga baya a yi gyara.

Abin da IPv6 ba zai yi ba

Kada wani ya zo ya sayar muku da shi a matsayin maganin kowace cuta. Ba ya ƙara ƙarfin rezo a ƙauyen da babu antena kusa. Ba ya rage kuɗin mega da kansa. Ba ya kawo wuta idan an ɗauke. Lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa ranar 14 ga Maris na 2024, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, wannan matsalar hanya ce, tsohon adireshi da sabo duka a kanta suke tafiya.

Kuma yana da nasa hatsari ga mai sakaci. A tsohon tsari kwamfutar cikin gida tana ɓoye don ba ta da adireshin waje. A sabon tsari kowace tana iya samun adireshin da duniya ke gani, saboda haka mai gadi ne kaɗai ke tare ƙofa. Dokokin da aka rubuta wa mai gadi a kan tsohon adireshi ba sa aiki a kan sabo, sai an sake rubuta su daban. Wanda ya manta da wannan ya bar bango a tsage, ƙadangare kuwa ba ya jiran gayyata.

Abin da kowa zai iya yi

Mai salula, ba a ce ka sayi sabuwar waya ko sabon pus ba, kuma duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar sirrinka don wai ya sa maka IPv6 ɗan damfara ne. Idan kana son ka san matsayinka, ka kashe wifi, ka kunna mega, ka shiga saitunan salularka, wajen bayanin waya, ka nemi inda aka rubuta adireshin IP. Idan ka ga gajeriyar lamba kaɗai mai farawa da 10 ko 100, yawanci kana cikin akwatin haɗaka ne. Idan ka ga wata doguwa mai haruffa da ke farawa da 2, ka samu sabon adireshi. Na kamfanonin Afirka yawanci da 2c0f suke farawa. Mai farawa da fe80 ba ya cikin lissafi, wannan na cikin ɗaki ne, ba ya fita waje. Idan ba ka ga doguwar ba, ranar da ka je ofishin kamfaninka ka tambaye su yaushe za su kawo ta. Tambaya idan ta yi yawa tana kai wa ga manya.

Ƴan uwa na waje, da yawanku ku ne ke biya wa ƙungiyar gari ko makaranta ko gidan rediyo hayar shafi. Kafin ku sake biya, ku tambayi mai ba da hayar ko shafin yana amsawa ta IPv6, ku duba takardar kuɗin ku ga nawa ake cire muku saboda tsohon adireshi. Wani lokaci ana biyan hayar adireshin da ba a ma amfani da shi.

Matasa masu gina shafi da manhaja, aikin ba shi da tsawo. A nemi filin IPv6 ga gidan, a ba kowane sashe nasa, a buɗe masa hanyar fita, a rubuta wa mai gadi dokokinsa, sannan a ɗaura sunan shafin a kan sabon adireshin da rajistar da ake kira AAAA. A gwada daga rezo daban-daban kafin a saki. Mai son sa manhajarsa a kasuwar Apple ya sani tun Yunin 2016 kamfanin ba ya karɓar wadda ba ta aiki a rezo mai IPv6 zalla. Amma kada a yi gaggawar rufe tsohuwar ƙofa. A bar ta a zaure har sai mutumin Tibiri da na Jiratawa sun samu sabon adireshi a salularsu, domin su aka yi wa aikin.

Wanda ya duba salularsa ya ga abin da ke ciki, ya aiko mana da sunan garinsu da kamfanin da yake amfani da shi, ba sai ya turo adireshin kansa ba. Za mu tattara mu karanta a shirinmu, kowa ya ji inda aka kwana a jihar Maraɗi.